Ta Maza da Ta Mata

Bashira ce ta riƙe masa wayar ranar da ya naɗi muryar. A falonsu ne na unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur, bayan la'asar, an rufe tagogi saboda ƙarar jirgin ƙasa, duk da cewa a kwanakin nan fanko yake wucewa. Muttaka ya sa farar riga, ya kafa hula.

"Hular fa, Abban Rumaisa? Ai ba ganinka za a yi ba."

"Murya tana jin hula," ya ce. "Danna."

Ta danna. Ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Assalamu alaikum. Ɗan'uwanku ne Muttaka daga Malesiya. Na sami labarin wannan babban rashi da muka yi. Marigayi mutumin kirki ne, na san shi tun ina yaro. Allah Ya ji ƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba mu haƙurin rashinsa."

Ya saurara, ya gyaɗa kai. "To, yanzu ta mata."

Ya maimaita kalmomin nan dai, sai dai marigayi ya koma marigayiya, ƙansa ya koma ƙanta. Bashira ta miƙa masa wayar ba ta dube shi ba.

"Idan gida biyu suka ji iri ɗaya fa?"

"Wa zai tsaya gwada waya a wurin makoki? Ki bari kawai. In na kare kundin digirin nan na huta, zan koma kiran kowa da bakina."

Ba ta ƙara ba. Ba mai yawan magana ba ce dama.

Muttaka malamin kwaleji ne a gida, gwamnati ta turo shi digiri na uku a wata jami'a da ke kan titin Jalan Semarak. Tun kafin ya gama ya sa wa ransa kujerar majalisar wakilai ta mazaɓarsu, wadda Honarabul Abdulwahidu yake kai tun Muttaka yana sakandare. Garinsu, Kafin Marke, rafi ne ya raba shi da titi. Duk damina sai ruwa ya yanke garin, duk zaɓe kuma sai Honarabul ya aiko da tifar tsakuwa a juye a bakin rafin, a ɗauki hoto. A gaɓar rafin nan mahaifiyar Muttaka ta cika, tana naƙuda, ana jiran ruwa ya janye. Shi ya sa ya tashi a hannun kawunsa Alhaji Haliru da matarsa Inna Daso, wadda ta goye shi tare da 'yarta Hajjo.

Kawu Haliru dattijon jam'iyya ne. A mazaɓar, inda ya karkata nan wakilan zaɓen fid da gwani suke karkata, kuma duk shekarun nan bayan Honarabul yake. Sai da Muttaka ya daɗe yana lallashi kafin tsohon ya amsa.

"Zaɓe da saura, amma a nan ba a jiran shekarar zaɓe," in ji Kawu a waya. "Ka gama ka dawo. Bayan Sallah zan tara dattawa a zaurena in ɗaga hannunka. Abu ɗaya nake so ka riƙe: gaisuwa. Mutumin nan bai gina gada ba, amma ba a taɓa yin rasuwa a mazaɓar nan bai zo ya zauna a tabarma ba."

Sai annoba ta ɓarke a duniya. Aka rufe Kuala Lumpur, mutum ɗaya kawai ke fita daga gida ya yi cefane, 'yan sanda suka tsare hanyoyi. Aka rufe filayen jirgi a can gida ma. Majalisa ta tafi hutu, Honarabul ya tare a garinsu. Kafin azumi ya kama, tsofaffi suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba mai iya cewa ga takamaiman abin da ke ɗaukarsu.

Da farko Muttaka yana kiran kowane gida. Sa'ad da gari ke wayewa a Kafin Marke, nan azahar ta wuce, sai ya rufe kwamfuta ya hau kira. Bashira tana kicin tana jin sa. Amma rasuwar ta yi yawa, ranar kare kundi kuma ta matso. Sai Fatihu, wani mai shagon cajin waya da ke yi masa yaƙin neman zaɓe a ƙauyukan hayin rafi, ya kawo shawarar naɗar murya. Shi zai riƙa zuwa gidajen makoki, ya kunna a ƙaramar lasifika.

"Ka ga kenan ka zo, ranka ya daɗe," in ji Fatihu. "Har ka fi Honarabul, tunda kai daga ƙasar waje ka zo."

Daga nan Bashira takan ji daga kicin Fatihu yana lissafo masa a waya inda ya kunna muryar: gidan Malam Ahmadu mai auduga, yayansa ne, gidan Sarkin Aska, matarsa ce ta biyu, gidan liman, ƙaninsa.

Inna Daso ita ba ta san da wannan ba. Takan sa Hajjo ta kira mata su, kusan kullum daidai lokacin da suke buɗa-baki.

"Mutta, me nake ji kana taunawa?"

"Dabino ne, Inna. Mun sha ruwa."

"Tun yanzu? Mu nan ko azahar ba a kira ba! Kai, wannan ƙasa taku akwai son jiki. Azumin 'yan gata kuke yi. Ina amaryata?"

Shekara nawa da auren, har yanzu amarya take kiran Bashira. Bashira ta karɓi wayar ta gaishe ta.

"Ki riƙa dama masa kunu, kin ji. Kada ki biye wa shinkafar mutanen nan, za ta busar min da shi. Honarabul ɗin da ba shi da wuya ai ba ya cika riga."

Suka yi dariya. Rumaisa ta leƙo ta ce wani abu da Turanci, tsohuwar ta ce a faɗa mata ita ma ta zage ta da Hausa, an yi kunnen doki.

Da ranar kare kundin ta kusa, Muttaka ya kawo wa Bashira wayarsa ta siyasa.

"Riƙe min wannan har Alhamis. In na gan ta ba zan iya karatu ba. Ko wa ya kira, ki ce ina gaisuwa."

Ran Talata da rana, yana ɗaki yana ta maimaita jawabinsa ga bango, wayar Bashira ta yi ƙara. Hajjo ce. Bashira ta ji muryarta kawai ta wuce baranda inda suke shanya, ta ja ƙofa.

"Inna ta cika da asuba," in ji Hajjo. "Zazzaɓi ne ya kwantar da ita shekaranjiya, sai numfashi. Yanzu za a kai ta."

Bashira ta dafa ƙarfen baranda. Ta yi salati, ta yi addu'a.

"Baba ya ce kada a gaya wa Yaya sai ya gama jarrabawar nan. Ya ce mutum yana nesa ba a jefa masa irin wannan labari. In ya tambaya, ki ce jiki ne ya ɗan motsa. Shi zai gaya masa da kansa."

"To," in ji Bashira.

Ta daɗe a tsaye tsakanin rigunan da ta shanya. A ƙasa titin ba kowa sai wani mai babur ɗin kai abinci. Ta wanke fuskarta a famfon wanki, ta koma ta ɗora kunu.

Da aka sha ruwa Muttaka ya dubi agogo.

"Yau Inna ba ta kira ta yi mana gorin azumi ba."

"Jikin ne ya ɗan motsa. Hajjo ta ce a bar ta ta huta."

"Bari in kira."

"Ta ce kada ka kira. Ka san ta, in ta ji muryarka sai ta tashi zaune."

Ya kurɓi kunun. "Alhamis in na gama, ita zan fara gaya wa."

Wayar siyasar tana cikin kwabar kicin, bayan gwangwanin madara. Duk sanda Bashira ta buɗe, saƙonnin gaisuwa sun ƙaru. Ba ta buɗe ko ɗaya. Tunaninta duk yana kan yadda za ta kai shi Alhamis bai gane ba, ko sau ɗaya Fatihu bai faɗo mata a rai ba. Sai ran Laraba bayan la'asar, Muttaka ya fita kanti sayen ƙwai, ta ga saƙon murya daga gare shi. Ta kunna a hankali.

"Ranka ya daɗe, albishirinka! Na ji an yi rasuwa gidan Alhaji Haliru, na ce ai nan ne babban wuri. Na tarar da shi Honarabul ɗin a zaune da takunkuminsa, ga jama'a cike da zaure. Na ce yau sai an ji namu. Na ƙure lasifika, wallahi tsit aka yi! Saƙonka ya isa."

Bashira ta mai da wayar cikin kwaba. Ta kira Hajjo.

Hajjo ba ta so ta faɗa, amma ta faɗa. Suna cikin gida su da mata suka ji muryar Yaya ta taso daga zaure, har wata gwaggo ta fashe da kuka ta ce ga ɗan marigayiya nan. Sai suka ji yana cewa marigayi mutumin kirki ne, ya san shi tun yana yaro, Allah Ya ji ƙansa. Fatihu bai ma tambayi wanda ya rasu ba, ya ɗauka tsohon yayan Baba ne da ya daɗe a kwance.

"Baba ya ce, 'Kashe abin nan.' Sai Malam Ahmadu mai auduga ya ce, 'Ai wannan ita aka kunna mana ranar yayana.' Sarkin Aska ya ce su tasu ta mata ce, amma maganar ɗaya ce. Haka aka yi ta faɗa, Anti, kowa ya ce ya ji ta a gidansa."

"Honarabul fa?"

"Sunkuyar da kai ya yi yana jan carbi."

Bashira ta ji motsin makulli a ƙofa, ta katse wayar. Muttaka ya shigo da ƙwai da ƙunshin gurasar roti da ya sayo a gidan abincin da ke ƙasan bene, yana ba ta labarin yadda ɗan sanda ya tambaye shi ina za shi. Ta karɓi ledar, ta ce sannu da zuwa.

Alhamis da hantsi ya shiga ɗaki ya rufe, ya zauna gaban kwamfuta da kwat a sama, zanen gida a ƙasa. Bashira ta riƙe Rumaisa a falo don kada ta yi ƙara. Ta bango tana jin muryarsa tana hawa tana sauka. Bayan azahar ya buɗe ƙofa yana dariya, hannuwa a sama.

"Maman Rumaisa, daga yau sai ki ce Dakta! Gyara kaɗan kawai suka ba ni. Ina wayata? Kira min Inna."

"Alhamdu lillahi. Allah Ya sa albarka." Ta tashi. "Ka yi salla tukuna."

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya je ya yi alwala. Da ya sallame, ta kira Kawu ta miƙa masa, ta zauna a ƙasa kusa da darduma.

"Ka gama?" in ji Kawu.

"Na gama, Kawu. An dace."

"Madalla. To, Muttaka, sai haƙuri. Innarka ta riga mu gidan gaskiya. Tun Talata. Ni na hana a gaya maka."

Muttaka bai yi kuka nan take ba. Sannan ya yi salati, ya ce, "Allah Ya ji ƙanta. Allah Ya ji ƙanta, Kawu."

"Amin," in ji tsohon. "Yau ka faɗa daidai."

Wayar ta mutu a hannunsa. Ya juyo ga Bashira, idanunsa sun kaɗa. "Me yake nufi?"

Ta ɗauko wayar siyasar daga kwaba, ta kunna masa saƙon Fatihu, sannan ta faɗa masa abin da Hajjo ta ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Yana ji yana girgiza kai kamar mai korar ƙuda. Da ta zo wurin "na san shi tun ina yaro" ya kifa fuskarsa a kan darduma. A nan kukan ya zo.

Sai da la'asar ta yi ya iya sake kiran Kawu.

"Kawu, wallahi ban sani ba. Ban san ta rasu ba, ban aiki kowa ba."

"Na sani. Ɓoyewar tawa ce, ban ɗora maka ita ba. Amma muryar taka ce ko ba taka ba ce?"

"Tawa ce."

"Ka ce ka san shi tun kana yaro. Wa ka sani? Yayan Ahmadu ka sani, ko ƙanin liman? Mutanen nan kowa ya koma gida ya gaya wa iyalinsa cewa ɗan Haliru ya kira daga bangon duniya ya yi masa gaisuwa. Wani har kuka ya yi. Sai ga shi a zaurena sun gane abu ɗaya aka yi ta juya musu kamar tallan magani a kasuwa."

"Zan gyara, Kawu. In an buɗe hanya zan bi su gida-gida."

"Ka bi su, ya kamata. Ni ɗana ne kai, na yafe, ita ma na san da tana nan dariya za ta yi ta ce ka mai da ta namiji." Muryar tsohon ta karye, ya yi gyaran murya. "Amma zancen bayan Sallah, ka cire shi a ranka. Ba zan tara su ba. In na ɗaga hannunka a zauren nan, ni kaɗai zan tsaya."

"Kawu, gadar fa?"

"Gada tana nan inda take. Ka yi wa Innarka addu'a."

Washegari Bashira ta ture kujeru gefe, ta shimfiɗa tabarmar roba a tsakar falo. Muttaka ya zauna a kai da carbi. Ba wanda zai iya zuwa. 'Yan'uwa ɗalibai suna kira daga unguwannin Setapak da Gombak, kowa a kulle a ɗakinsa. Wata tsohuwa 'yar Malesiya da ke ƙofar kusa da su ta ji labari wurin Rumaisa, ta rataya musu ledar kunun shinkafa a marikin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma. Ban da wannan, daga shi sai tabarma.

Bayan azahar wayar siyasar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ya ce Bashira ta sa a lasifika.

"Salamu alaikum. Dakta Muttaka? Abdulwahidu ne."

Muttaka ya miƙe zaune. "Ranka ya daɗe."

"Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Na so in kira tun Talata, aka ce ba a gaya maka ba tukuna." Muryar tsoho ce, mai kauri, ba gaggawa a cikinta. "Hajiya Daso uwa ce. Ni tun ina malamin firamare nake cin ɗanwakenta, in wata ya yi nisa ba ta tambayata komai. Kuma ita kaɗai ce a garin nan take kirana Audu har yau. Ko kafin azumin nan sai da ta tare ni a ƙofar gida, ta ce, 'Audu, ka ci kujerar nan da sauri, ɗana yana zuwa ya karɓe ta ya gina mana gada.' Na ce, 'Hajiya, ai sai ki bari ya dawo tukuna.' Ta ce, 'Yana dawowa.'"

Ya ɗan yi dariya, gajeriya, sannan ya ja numfashi.

"Allah Ya ji ƙanta, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya ba ka haƙuri, ɗana."

Bai ambaci lasifika ba, bai ambaci zaɓe ba. Bashira tana kallon mijinta.

"Amin," in ji Muttaka. "Na gode, ranka ya daɗe. Allah Ya ba da lada."

Bayan an katse, ya zauna yana kallon wayar. Jirgin ƙasa ya wuce, fanko. Ya nemo muryoyin nan biyu ya goge, duk da ya san suna nan a wayoyin mutane da yawa a hayin rafi. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Gidan Malam Ahmadu mai auduga. Wa ma ya rasu?"

"Yayansa," in ji Bashira. "Malam Hadi. Wanda yake kiwon tattabaru."

"Kin tuna?"

"Ina kicin ina ji."

Ya nemo lambar ya kira. Aka daɗe ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka ya yi sallama ya faɗi sunansa.

"Kai ne," in ji Malam Ahmadu, "ko abin nan ne aka kunna?"

"Ni ne, Baba. Na kira in yi maka gaisuwar Malam Hadi. Ban yi ta yadda ya kamata ba. Allah Ya ji ƙansa."

"Amin." "To, mun gode. Kai ma ya haƙuri?"

"Da godiya."

"To," in ji tsohon, ya katse.

Muttaka ya ajiye wayar a kan tabarma. Ya shafa kansa, ba hula. Bashira ta matso ta zauna a gefen tabarmar, inda mai zuwa gaisuwa zai zauna.

"Sai gidan wa?" ya ce.

"Gidan Sarkin Aska. Matarsa ce. Sunanta Hadijatu."